Baƙo, ɗan ci-rani da mai masauki: amsoshin tambayoyinku

Yawancin tambayoyin wannan makon daga waɗanda ba su daɗe da sauka wata ƙasa ba suka fito, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, sati uku ke nan da na kama aiki a Landan. Yayata ta ce mini yanzu na zama 'yar ci-rani, abin bai yi mini daɗi ba. Sunan ya dace da ni?

Amsa: Malama, bai dace ba, amma kada ki ga laifin yayarki, a rediyo ta ji. Wannan kalma ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ci-rani a fili take: mutum ya je ya ci rani a wani wuri. Manomi ne ya gama aikin kaka, ya zuba gero da dawa a rumbu, ya ga in ya zauna wata biyar ba aiki hatsin ba zai kai damina ba. Sai ya rage wa rumbu baki ɗaya, ya ɗauki buhunsa ya nufi Kano ko Kurmi, ya yi ga-ruwa ko dako ko yankan farce. Da hadari ya fara haɗowa a gabas, ko ana ba shi nawa ba zai tsaya ba, gona na kira. Mutanen Maradi da Damagaram da Tawa sun san wannan tafiya kaka da kakanni. Ruhin kalmar shi ne komawa da faɗuwar ruwa. To ke da kika sa hannu a takardar aiki ta shekaru, wace damina za ki koma ki tara?

Yanzu kuwa duk wanda ya tsallaka iyaka an liƙa masa ita: wanda ya shiga kwale-kwale daga Libiya zuwa Italiya, da likita, da ɗalibi, har da wanda yaƙi ya koro. Alhali Hausa ba ta talauce ba. Wanda ya kwashe iyali da komatsai ya canza mazauni, ƙaura ya yi. Wanda ya bar gari don tsira da addininsa, hijira ya yi, kamar yadda Shehu Usmanu ya tashi daga Degel zuwa Gudu a 1804. Wanda fitina ta koro, ɗan gudun hijira ne. Ke ma'aikaciya ce a ƙetare, ko mazauniyar ƙasar waje. Kuma don Allah masu rubuto mini su riƙa sa wa ƙ lanƙwasarta. Wani ya rubuto cewa "mu baki ne a nan", sai da na karanta sau biyu kafin na gane baƙi yake nufi.

Ban ce ci-rani abin kunya ba ne. Neman halal ne mai wuya, kuma ya riƙe gidaje da yawa. Ba sunanki ba ne kawai.

Tambaya: Malam, a "baƙo raɓa, ɗan gari kaba", mece ce kaba?

Amsa: Ƙaramar goruba ce tun tana ƙasa, wadda ake yankar ganyenta a saƙa tabarma ko a tufka igiya. Ko an sare ta, ko wuta ta cinye ta, sai ta sake tohowa, don saiwarta ta yi nisa. Raɓa kuwa hantsi na dubawa ta bushe.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, na zo Ingila karatu. Babana ya ce in tuna "baƙo ko da ido makaho ne". Ni kuwa ina jin Turanci, ga taswira a wayata. Karin maganar ba ta tsufa ba?

Amsa: Ɗana, ba ta tsufa ba. Makantar da ake nufi ba ta rashin sanin hanya ba ce kaɗai, ta ganin abu ba tare da sanin fassararsa ba ce. Farkon zuwana Landan a watan Disamba ne. Na tsaya zan tsallaka titi, na waiga hagu kamar yadda na saba, ashe motar daga dama take tahowa, domin su ta hagun titi suke tuƙi, mu kuwa Najeriya ta koma dama tun 1972. Wani dattijo ne ya riƙo hannun rigata, ya nuna mini rubutun da aka yi da farin fenti a kan kwalta, mai cewa a duba dama. Ido na buɗe, rubutun na gabana, ban gan shi ba. A ranar kuma magariba ta faɗi kafin ƙarfe huɗu, ni ina ganin ko la'asar ba ta yi sakaliya ba. Na shiga jirgin ƙasa na yi sallama, ba wanda ya ɗago kai, na kwana ina zaton wulaƙanci ne, sai daga baya na gane ko junansu haka suke yi.

Maganin wannan makanta Bahaushe ya faɗe shi: da ɗan gari akan ci gari. Nemi wanda ya riga ka zama, ka tambaye shi ranar fitar da shara, da inda ake sayar da naman halal, da yadda ake rajista da likita. Matambayi ba ya ɓata.

Tambaya: An turo ni aiki Kumasi, na ji ana kiran unguwar Musulmi "zongo". Hausa ce?

Amsa: Zango ne, harshe ya ɗan karkata shi. Asalinsa inda ayarin fatake ke sauke kaya su kwana. Fataken goro da ke zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, musamman kasuwar Salaga, su suka kai kalmar. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa suka bazu zuwa wasu garuruwa, masaukin kwana biyu ya zama unguwa. A can za ka ga mai masauki, wanda fatake ke kira fatoma: shi zai ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Je ka gaishe da Sarkin Zango tun kafin ka buƙace shi.

Tambaya: Daga ina "takari" ta samo asali?

Amsa: Daga Takrur, tsohuwar daula a bakin kogin Senegal, wadda Larabawa suka riƙa kiran mutanen Afirka ta Yamma da sunanta. A yau kalmar tana ɗauke da raini, kada ka kira wanda ya tarbe ka a Makka da ita.

Tambaya: Kwana tara ke nan da na baro gida. Abin da ke damuna, kewar gida ce ko begen gida?

Amsa: Duka Hausa ne. Kewa ita ce ramin da rashin abu ya bari, kamar in asuba ta yi ba ki ji ladan ba. Bege kuwa ɗoki ne da ambato, shi ya sa ake begen Annabi. Ke da kika yi kwana tara, kewa ce ke damun ki.