Tambaya da Amsa: Fitilar UV Tana Kashe Ƙwayar Tarin Fuka a Iska?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Agege. Ɗakin jiranmu kullum cike yake, masu tari kuma ba su da iyaka. An ba mu shawarar sayen fitilar UV daga kasuwa mu rataya. Shin tana aiki, kuma ba ta da illa ga mutane?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Tana aiki, amma ba irin ratayawar da aka faɗa muku ba. Hasken da ake bukata shi ne UV-C, wani nau'in haske da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 254, wanda ke lalata ƙwayar halittar cutar har ta kasa hayayyafa. Tun shekarun 1930 William Wells ya gwada shi a makarantun Filadelfiya ta Amurka kan ƙyanda. A 2009 an wallafa wani bincike na birnin Lima a Peru, inda aka riƙa tura iskar ɗakin masu tarin fuka zuwa kejin ɓerayen Masar: da fitilun ɗakin a kunne, kamuwar ɓerayen ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan hanya cikin shawarwarinta na 2019.

Inda ake kuskure shi ne a rataya ƙwan fitilar tsirara. Wanda ya zauna ƙarƙashinsa, bayan awa 6 zuwa 12 zai ji kamar an zuba masa yashi a ido, ga hawaye, fata kuma ta yi ja. Yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, amma azaba ce da babu dalilinta. A ɗakin da mutane ke zaune, fitilar tana cikin akwati mai faifan ƙarfe jere a gaba, masu tilasta hasken ya tafi a kwance ta saman kawuna. Ana kafa akwatin aƙalla mita 2.1 daga ƙasa, silin kuma kada ya gaza mita 2.4. In silinku ya fi haka gajarta, ku haƙura da ita, ku buɗe tagogi ta ɓangarori biyu.

Fanka dole ce. Hasken sama kawai yake tsabtacewa, saboda haka sai iskar da aka yi tari a cikinta ta hau can. Fankar silin mai juyawa a hankali ta isa. Wannan ya fi muhimmanci a Legas, domin laimar da ta wuce kashi 60 tana rage ƙarfin hasken, mu kuwa da damina mun zarce nan nesa. Ita ma Lima gari ne mai laima, kuma abin ya yi aiki, da taimakon fanka.

Bayan kafawa, a samo ƙwararre mai mitar auna UV-C. A sama ana neman matsakaicin mikrowat 30 zuwa 50 a kowane murabba'in santimita. A daidai idon mai tsayuwa kuwa, kada ya wuce kimanin 0.2 ga wanda zai yi awa takwas a wurin. Silin mai ƙyalli yakan dawo da hasken ƙasa, kuma ido ba ya ganewa.

Shuɗin hasken da kike gani ba shaida ba ne. Ƙwan yana ci gaba da haske bayan ƙarfinsa ya ragu, don haka a sauya shi bayan kimanin awa 9,000, wato shekara guda in yana kunne dare da rana. Duk wata uku a kashe wuta a goge ƙura da sifirit, musamman lokacin hunturu. A haɗa fitilar da layin janareto ko inbata, a sa mata sitabilaiza, don wutar da ke hawa da sauka tana ƙona cok, wato na'urar da ke daidaita wa ƙwan wuta. In kun ji wani wari mai kaifi, wataƙila ƙwan mai fitar da iskar ozon ne, wadda ke cutar da numfashi, a canza shi. Tsohon ƙwan yana ɗauke da sinadarin makuri mai guba, kada a fasa shi ko a jefa a bola.

Mai tari kuma a ba shi takunkumi, a fara ganinsa kafin sauran.