Rile ya ƙi saki, ESP32 kuma sai mutuwa yake yana tashi

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Dan Allah na haɗa 'yar na'urar ban ruwan shuke-shuke ne da bod ɗin rile (makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa da kashewa) mai guda huɗu na 5V, irin shuɗayen nan, da ɗan famfo na 12V. A Arduino Uno, ɗan bod ɗin da ake rubuta wa kod, komai lafiya lau, amma da na koma ESP32, irinsa mai WiFi, saboda ina son na dinga kunnawa daga waya sai abin ya rikice, ina saka wuta rile zai yi ƙas shi kaɗai, wani lokacin na ce ya kashe ya ƙi saki, in kuma famfo ya tashi ko ya tsaya sai ESP32 ɗin ya mutu ya sake tashi. Duka daga USB ɗin kwamfuta nake ba su wuta, famfon ne kawai ke da adaftarsa. Sannan naga an rubuta 10A 250VAC a jikin rilen, zan iya jona hita ta wutar gida? Na gode. Daga wani ɗalibi mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh kaga matsala uku ka kawo, amma biyu daga ciki uwarsu ɗaya: ka bar rile da ESP32 suna shan wuta a layi guda.

Ɗauko bod ɗin ka duba jikin shuɗin akwatin, mafi yawa zaka ga SRD-05VDC-SL-C. A cikinsa koyil ne mai kusan om 70, in aka ba shi 5V yana jan kusan 70mA ya zama maganaɗisu ya fizgo ɗan ƙarfen da ke haɗa COM da NO, wato bakunan da kake jona wayar famfo, ƙarar da kake ji kenan. Guda huɗu in sun kama tare 280mA ne. Shi kuma ESP32 lokacin da WiFi ke aika saƙo yana iya zuƙar sama da 200mA a take ɗaya, alhali ramin USB 2.0 na kwamfuta 500mA aka yanka masa, ga wayar USB ɗin ma in siririya ce tana cinye nata kason a hanya. Sai wutar ta yi ƙasa na ɗan ƙiftawar ido, shi kuma ESP32 yana da mai gadi a cikinsa da ke sake tayar da shi in wuta ta faɗi. Buɗe tagar siriyal, inda ESP32 ke rubuto saƙonninsa, a manhajar Arduino IDE ka zuba ido, in kaga layin "Brownout detector was triggered" to magana ta ƙare, yunwa ce ke damunsa ba aljanu ba.

Yanzu duba gefen bod ɗin, akwai 'yar hula, yawanci rawaya, da ta haɗe ƙafa biyu, JD-VCC da VCC. Mutane da yawa har su gama aiki basu taɓa ta ba, alhali ita ce sirrin bod ɗin gaba ɗaya. JD-VCC shi ke ciyar da koyil. VCC kuwa 'yar fitilar da ke cikin PC817 yake ciyarwa, ɗan baƙin abin nan mai ƙafa huɗu da ke kusa da kowane rile, wanda ke miƙa umarni da haske ba tare da waya ta ratsa tsakanin ɓangarorin biyu ba. Muddin hular na kai, ka gina katanga ne ka kuma fasa mata ƙofa. Cire ta. Ka samo caja daban ta 5V mai 1A ko fiye, jan waya a JD-VCC, baƙa a GND ɗin da ke kusa da shi, sannan VCC ɗin da ke jere da IN1 zuwa IN4 ka kai shi ƙafar 3V3 ta ESP32. Ba sai ka haɗa GND ɗin ESP32 da na bod ɗin ba, rabuwar ake nema.

Wannan ɗin ne kuma zai magance ƙin sakin. Irin waɗannan bod ɗin da LOW suke kamawa, da HIGH suke saki. Uno HIGH ɗinsa 5V ne, daidai da VCC, babu rata babu abin da zai gudana. Na ESP32 kuwa 3.3V ne, kaga saura 1.7V tsakaninsa da 5V, kuma a wasu bod ɗin wannan ɗan ratar ya isa ya riƙe rile a kame ko ya bar fitilar alama ta kan bod ɗin tana ja-ja. Da ka mayar da VCC 3.3V ratar ta tafi. Sai dai fa gaskiya akwai bod ɗin da a 3.3V ɗin kuma sai ya ƙi kamawa sam saboda rezistan da aka saka masa ya yi girma, in ka faɗa wa irinsa kar ka wahalar da kanka, saka ULN2803, ɗan IC mai tarin tiransista, tsakanin ESP32 da bod ɗin rile ka bar VCC a 5V, ka haɗa GND, ko ka nemi bod ɗin da aka yi musamman don 3.3V. Abin da dai ban yarda ba shi ne jona koyil kai tsaye a ƙafar ESP32, ko Uno ma 20mA ake so ƙafa ta bayar, 40mA ne iyakar da in ka wuce ta sai ta'aziyya.

Ƙas ɗin farkon tashi kuwa abu biyu ne. A kod, rubuta digitalWrite HIGH nan take bayan pinMode OUTPUT, kada ƙafar ta daɗe a LOW. Sannan ka kauce wa ƙafafun GPIO 0, 2, 12 da 15, ESP32 na duba su lokacin tashi don sanin yadda zai tashi, koma 25, 26, 27, 32 ko 33.

Saura famfo. Dayod ɗin da ke kan bod koyil ɗin rile kaɗai yake karewa, bai san da zaman famfonka ba. Famfon shi ma koyil ne, ana yanke masa wuta sai ya mayar da martani da ƙarfi, tartsatsi ya tashi a cikin rile, hayaniyar ta bi wayoyi har ta gigita ESP32. Saka dayod 1N4007 a ƙafafun famfon, gefen mai zobe a jan waya, ɗayan a baƙa, ka kuma raba hanyar wayoyin famfo da na sigina kar su kwanta a jikin juna. Kuma in wata rana ka so rage gudun famfon da PWM, wato kunnawa da kashewa da sauri sosai, ba aikin rile bane, yana ɗaukar kusan milisakan 10 kafin ya juya kuma bakinsa na cinyewa, tiransistan MOSFET irin IRLZ44N zaka nema.

Batun hita, a'a. Wannan 10A ɗin na akwatin rile ne shi kaɗai, ba na siraran layukan tagullar da ke bayan bod ko ƙananan sukurorin ba, juya shi ka ga kusancin layukan da idonka. Hita mai wat 2000 a 230V tana jan kusan 8.7A ba hutawa, bakin rile zai yi zafi, wata rana ya narke ya manne a kunne, kod ɗinka na cewa a kashe ita kuwa tana ci gaba da ci. In dole ne sai an yi, ɗan rilen ya kunna kwantakta, wato babban rile mai ɗaukar wuta mai nauyi, kwantakta ta ɗauki hitar, da fiyus, cikin akwati rufaffe, kuma mai aikin wayarin da ya san hannunsa ya jona ɓangaren wutar gidan. Kai dai ka tsaya a 12V ɗinka tukuna, in ka cire hular ka gwada ka rubuto mana abin da tagar siriyal ta nuna.