Dole Ne Malami Ya Zama Ɗan Ƙabilar Ɗalibinsa?

Ɗana, ka tambaye ni ko yaro ya fi ɗaukar karatu a hannun malamin da suka haɗa launin fata ko asali, ganin ajin da aka ba ka na gwajin koyarwa yawancinsu ba 'yan ƙabilarka ba ne.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. A jihar Tennessee ta Amurka, daga 1985 zuwa 1989, an raba yara fiye da 11,000 azuzuwa ta hanyar ƙuri'a, malamansu ma haka. Da wani mai bincike, Thomas Dee, ya bi diddigin sakamakon a 2004, sai ya ga yaron da ya shekara a hannun malami mai irin launinsa, baƙi ne ko fari, yakan ɗaga da matsayi 2 zuwa 4 cikin 100 a lissafi da karatu. Ƙari ne, amma ɗan kaɗan.

A ganina ba fata ke koyarwa ba, kyakkyawan zato ne da fahimtar hali. Malamin da ya san gidan da yaro ya fito ba zai ɗauki sunkuyar da kai a matsayin daƙiƙanci ba, ya san ladabi ne. Wannan kuwa koyonsa ake yi.

Kafin mako biyu su cika, ka haddace sunan kowane yaro yadda uwarsa ke kiransa. Ka ajiye rajista a gefe, duk wanda ka yi wa tambaya ka ɗiga masa alama. Ranar Juma'a ka ƙirga, za ka ga waɗanda idonka ke tsallakewa ba ka sani ba. In ka yi tambaya, ka dakata daƙiƙa 3 zuwa 5. Yawancin malamai ɗaya tak suke jira, alhali yaron da ke juya amsa daga harshen gida zuwa na aji bai gama ba. Wajen gyaran jarrabawa kuma, naɗe wurin suna tukuna.

Kuskuren da na fi ji maka tsoro shi ne tausayi mara amfani: ka riƙa ba baƙon yaro tambaya mai sauƙi don kada ya ji kunya. Nan da nan yake gane ka raina shi, sai ya daina ƙoƙari. Ba shi mai wuyar, ka gutsuttsura masa ita gida uku, ka tsaya a kansa har ya kai ƙarshe.