Balaga da siyasar Ingila a ƙarni na 16 da 17

Malam, ka tambaya me ya haɗa darasin balaga, wato fasahar iya magana da jan hankalin mai sauraro, da siyasar Ingila a wancan zamani. Daga aji abin ya faro. A makarantu irin St Paul's, wadda John Colet ya kafa a Landan a 1509, yara kan haddace rubuce-rubucen Cicero, shahararren mai jawabi na tsohuwar Rum, da Latin, a sa su kare magana, sannan su juya su rushe ta da bakinsu. Su ne suka girma suka zama lauyoyi da 'yan majalisa.

Kada ka ɗauka kowa ya yaba wannan horo. Masanin falsafa Thomas Hobbes ya ɗora wa masu zaƙin baki alhakin rura wutar yaƙin basasar 1642. In asalin rubuce-rubucen kake so, nemi malamin tarihi mai jin Latin.