Guzurin Yaron Mota In Tirela Ce Ɗakin Kwanansa

Ɗana, ka tambaye ni me za ka zuba a jaka tunda jibi za mu kama hanyar Legas, da yadda mutum ke mayar da kan tirela ɗakin kwanansa har tsawon makonni. Zauna, maganar ba ta tsaye ba ce.

Yaro sabon shiga yakan yi guzurin tafiya, alhali guzurin zama ya kamata ya yi. Daga Kano zuwa Legas kilomita 1,000 ne da 'yan kai, kuma mota mai lodi takan cinye su cikin kwana 2 ko 3 in hanya ta yi kyau. Sauran kwanakin duk jira ne: jiran lodi, jiran a sauke, jiran kayan gyara in mota ta lalace a daji tsakanin Tegina da Mokwa. Kafin a kawo tsarin Eto na kiran motoci a 2021, akwai direbobin da ke shafe makonni a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, kuma har yau jiran bai ƙare ba, raguwa ya yi. A 2017 da ruwa ya karya gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba, motoci sun yi cirko-cirko, masu guzurin kwana 2 suka shiga wani hali. Duk abin da za ka saya, ka tambayi kanka ko zai riƙe ka mako guda a inda babu kanti.

Ruwa ne gaba. Jarka biyu masu lita 25, ɗaya ta sha da girki, ɗaya ta alwala da wanka, ka ɗaura wa ta shan ƙyalle a hannu don kada su cakuɗe maka da dare. Jarkar da ta taɓa ɗaukar man dizal ko fetur ba ta komawa ta ruwan sha ko sau nawa aka wanke ta, domin robar ta riga ta sha man. Duk inda muka tsaya ka ga famfo ko burtsatse, ka cika, ko da rabi kawai ka taɓa. Ka kuma riƙe ƙunshin ruwan gishiri da suga na kemis. In babu, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na suga a shafe, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. Gudawa a hanya tana kayar da ƙato cikin yini ɗaya.

Yanzu ka buɗe kunne, don nan ne ake rasa rai. Risho ko kurfoti ba sa shiga cikin kan mota da wuta a jikinsu, ko ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya, ko sanyin hunturu ya kama ka a Marabar Jos. Gawayi da kananzir da injin mota duk suna fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksayid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari balle ta tashe ka. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin komai. Gawayin da ya daina hayaki, ya yi jajir, har yanzu yana fitar da ita, kuma shi ne yara ke ɗauka su shigar ciki don jin ɗumi. Haka kwana da inji a kunne, musamman a Tafa ko Ogere inda motoci ke manne da juna, salansar maƙwabcinka na hura wa tagarka hayaki. In ka farka da nauyin kai, ka buɗe ƙofa ka sauka nan take, ka tashe ni. Gilashi kuma kullum ka sauke shi kamar faɗin yatsu biyu, dama da hagu, don iska ta ratsa.

Na san me za ka ce, sauro. Gaskiya ne, daga Jebba ka gangara kudu sauro ba ya hutu, rani da damina. Maganinsa gidan sauro mai magani, guda na shimfiɗarka, sannan ka samu tsoho ka yanka daidai taga ka riƙa maƙalawa. Maganin sauro na kunnawa ka bar shi a waje. In zazzaɓi ya kama ka, a tsaya a gwada jini a ba ka maganin da ya dace, kada ka yi ta haɗiyar farasitamol kana cewa gajiya ce.

Da zafi za ka so shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi, kamar yadda ka ga ana yi. Ban hana ba, amma da sharaɗi. Sai a cikin gareji, ba a gefen titi ba. Sai ka danne tayoyi da weji gaba da baya da hannunka, ka kuma faɗa mini da bakinka cewa kana ƙasa. Ni ba na tayar da mota sai na zagaya ta na leƙa, kai ma ka ɗauki wannan ɗabi'a tun yanzu, domin ranar da ka zama direba yaron wani ne zai kwanta a ƙarƙashin taka. In tanka ce kusa da mu, babu ashana, babu girki, sai mun matsa nesa.

Abinci ba ya son dogon bayani. Abin da ba ya lalacewa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, suga, dabino, shinkafa, wake, yaji, ɗan mai a gora mai murfi, ganyen shayi. Tukunya ɗaya, kwano, cokali, wuƙa. Ka zuba su a bokitin roba mai murfi saboda ɓera da kyankyaso, waɗanda in suka shiga kan mota har wayoyin wuta suke ci. In za ka ci na saye, ka bi inda tukunya ke kan wuta kana ganin tururi.

Wayarka: tirela batir biyu gare ta, wutar bolt 24 ce, ƙaramar mota kuwa 12. Cajar da ba a rubuta 24 a jikinta ba, za ta iya ƙonewa, wani lokaci ta tafi da wayar. Ka duba kafin ka biya. Kada kuma ka kwana kana jan wuta daga batirin mota, da asuba mu rasa abin tayar da inji. Ƙaramin batirin cajin waya da tocila mai ɗaurawa a goshi sun fi maka, don canjin taya da dare hannu biyu yake so. Abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku, waɗanda 'yan rod sefti ke tambaya, ka san inda suke ko cikin duhu, kada ka tula musu kaya a kai.

Takardun mota da na kaya da katin shaidarka su zauna a leda biyu, damshin kudu yana cin takarda. Kuɗi ka raba su wuri uku, kaɗan a aljihu, saura inda ni da kai kawai muka sani. Lambata da ta gida ka rubuta a takarda, waya tana ɓata.

Buta da dadduma ba sai na faɗa ba. Muna kan hanya ƙasaru za mu yi, amma in muka isa muka yi niyyar zaman kwana 4, a mazhabarmu ta Malikiyya sai cikawa. Kayan sawa kala uku sun isa: na aiki mai cin giris, na canji, da mai tsabta na sallah da shiga mutane. Soso, sabulu, bargo, silifas. Shimfiɗa ka riƙa shanya ta duk ranar da rana ta fito, in ba haka ba ƙuraje da warin damshi za su hana ka sakat. Banɗakin gareji na kuɗi ne, ka biya ka shiga. Mazauna garuruwan da muke tsayawa suna jin haushin direbobi ne saboda ƙazantar da ake bar musu a bayan gida, kuma hanyar nan za mu sake biyowa.

Saura ƙwaya. Za a miƙo maka tiramol ko wani haɗi a ce yana kore barci yana ƙara ƙarfi. Barci ɓarawo ne, ƙwaya ba ta korarsa, rufe maka ido take daga ganin zuwansa, ga jijjiga irin ta farfaɗiya da tiramol ke jawowa in an yawaita. Aikinka a gefena shi ne ka zama idona na biyu, in ka ga ina gyangyaɗi ka yi magana da ƙarfi, ba rashin kunya ba ne. Hakan ba zai yiwu ba sai ka yi barcinka lokacin da muka tsaya, maimakon kwana hira a teburin mai shayi.

Gobe da safe ka shiga kasuwa ka sayo jarkokin da gidan sauron da cajar, kuɗinsu a kaina. Ka kawo na duba kafin a fara lodi.