Kwana a daji da kare: me zan tanada?

Malam, ka ce za ka kwana biyu wajen Gidimuni, a jihar Damagaram, da karenka. Fara da ruwa: kare mai kilo 20 yana shan lita 1 zuwa 1 da rabi a yini, in watan Afirilu ne ka ninka. Ka ɗauko nasa daga Damagaram, ruwan tafki yakan sa shi zawo.

Ƙarangiya ce babbar matsala. Kowace yamma ka buɗe tsakanin yatsunsa ka cire ta, ka duba kunnuwa saboda kaska. Kaskar a kama ta daga kai, a ja a hankali.

Da dare ɗaure shi da igiya mita 3 kusa da tabarmarka. In ya bi garken makiyaya, rigima ce. A tabbata an yi masa allurar haukan kare.