Amsar tambayarka kan baƙaƙen da suka mallaki bayi a Amurka

Assalamu alaikum ƙanena. Da fatan su Inna suna lafiya.

Ka tambaye ni ko gaskiya ne akwai baƙaƙen fata 'yantattu da suka mallaki bayi a nan Amurka, kuma in haka ne, me ya sa mu Hausawan da ke nan ba ma tayar da zancen a gaban baƙaƙen ƙasar. Gaskiya ne. Masanin tarihi Carter G. Woodson, wanda iyayensa ma an bautar da su, ya bi ƙidayar 1830 ya fitar da sunayensu a 1924: mutum kusan 3,800, riƙe da bayi sama da 12,000. A lokacin bayin ƙasar sun kai miliyan 2.

Abin da masu yaɗa zancen a waya ba sa faɗa shi ne su wane ne bayin. Da yawa matar mutum ce da 'ya'yan cikinsa. A jihar Virginia an kafa doka a 1806 cewa duk bawan da aka 'yanta ya bar jihar cikin wata 12. To ka ga magidanci ya yi shekaru yana tara kuɗin aski ko na ƙira, ya fanso matarsa, in ya 'yanta ta a kore ta. Sai ya bar ta baiwa a takarda. Ga shi kuma ɗa uwarsa yake bi tun dokar 1662, ba kamar a wajenmu ba inda ɗan ƙwarƙwara ɗa ne a gidan ubansa. Idan mai gidan ya rasu da bashi a kansa, ana iya sayar da iyalin don a biya. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Amma ba zan wanke kowa ba. William Ellison na South Carolina bawa aka haife shi, ya sami 'yanci a 1816, ya yi arziki da ƙera injin gurzar auduga, kuma zuwa 1860 yana da bayi sama da 50 da ke masa noma da aikin maƙera. Wannan neman dukiya ne da gumin 'yan'uwansa, ba wani suna. A ɗaya ɓangaren kuma akwai 'yantattu irin su James Forten, mai ɗinka filafilan jiragen ruwa a Philadelphia, wanda ya zuba dukiyarsa wajen yaƙar bautar, da Elizabeth Keckley, telar da ta fanshi kanta da ɗanta kan dala 1,200 a 1855.

Dalilin shirunmu kuwa, duk baƙon da ya sauka dattawanmu sukan ja masa kunne a kai. Mutanen nan sahu ɗaya muke a masallaci, mun ba su aure sun ba mu, kuma gwagwarmayar iyayensu ce ta buɗe ƙofar da muka shigo. Sun san masu ƙinsu ne suka fi ɗaga wannan batu don a ce kowa ma ya yi, sai a rufe zancen. Mu kuma daga ina muka fito? An sayar da bayi a Kasuwar Kurmi, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Da kunya muke shiga wannan hira, mu fi saurare.

Akwai wani dattijo da muke buɗa-baki tare, kakanninsa daga South Carolina suke, shi ya fara ba ni labarin Ellison da bakinsa. In Allah ya kawo ka zan kai ka wajensa. Ka gaishe min da Inna.